Baƙuwar Kujerar Baya

Ranar wata Talata ce a tsakiyar daminar 1989 abin ya fara. La'asar ta yi sakaliya, hadarin da ya yini yana haɗuwa a gabas ya fasa zuwa, unguwar Kusfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kwaɗi daga kududdufin bayan gida. Malam Aƙilu yana kwance a kan buhu a ƙarƙashin mota, yana fama da wani noti da tsatsa ta cinye. 'Yarsa Sailuba tana madafi tana tuƙa tuwon mutum biyu.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rumfar da motar take ciki, ya gangaro a hankali, ya sauka kusa da ƙafarsa.

Ya fito yana goge hannu, ya buɗe ƙyaure ya leƙa lungu. Babu kowa. Ko akuya babu. Yana tsaye a nan na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, kuma dukansu daga sama suke saukowa a miƙe, ba irin jifan da ake yi daga bayan katanga ba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Da ɗumi ya ji shi a tafin hannunsa, kamar wanda aka daɗe ana riƙe da shi.

Sailuba ta leƙo da muciya a hannu. "Baba, mene ne?"

"Yara ne," ya ce. Ya saka dutsen a aljihu, ita kuma ta koma ciki. Iyakar maganar da ta haɗa su ke nan a wannan yinin.

Malam Aƙilu ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin fita, wato gyaran injin jirgin ƙasa, a reluwe kafin ya yi ritaya. Matarsa Hajo ta rasu shekara biyu kafin wannan damina. 'Ya'yansa maza suna kudu wajen neman abinci, sai wasiƙa da salla. Sailuba ce kaɗai a gabansa, ita ma ɗin mutuwa ce ta dawo da ita: mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta gama takaba ta kwaso kayanta ta shiga ɗakin mahaifiyarta. Da safe tana koyarwa a wata firamare, da rana ta dawo ta yi girki. Babu faɗa tsakaninsu, babu ɓacin rai. Kowa dai ya rungumi nasa rashin ya shige ɗaki da shi, har gaisuwa da miƙa kwano suka zama su ne hirar gidan.

Motar kuwa ta amininsa ce, Walter, mutumin Wusasa, wanda ya yi akawu a tasha lokacin da Aƙilu yake ɗakin gyara. Ƙaramar mota ce ta zamanin da, shuɗiya, mai ƙofa biyar, ta biyar ɗin a baya take, ana ɗaga ta sama kamar murfin akwati. A cikinta suka yi yawon duniyarsu ranakun Asabar, Walter yana tuƙi yana waƙar coci, Aƙilu yana jan carbi yana yi masa gardamar hanya. Da Walter ya rasu aka tura ta bayan gidansa, kusa da gindin dutse, ta yi shekara goma sha ɗaya a nan ciyawa tana fitowa ta cikin tayoyinta. Sai da matarsa Ethel ta tashi komawa wajen 'yarta a Jos ta aika aka kira Aƙilu.

"Malam Aƙilu, abokinka ya ce in zan rabu da ita, kai zan ba," ta ce. "Ni ban taɓa son zuwa wajenta ba. Ko karenmu ba ya raɓar ta."

Da akori-kura aka janyo ta zuwa bakin unguwa, daga nan majiya ƙarfi suka tura ta cikin lungu. Sai da ya fasa gefen katangarsa ya sa ƙyaure kafin ta shiga, ya kafa mata rumfar kwano inda Hajo take shanya a da. Maƙwabta suka yi ta magana, wai tsufa ya fara taɓa Malam Aƙilu, ya kawo gawar ƙarfe gida yana jinya.

Bai kula su ba. Ya sauke injin, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera notoci a gwangwanayen madara, kowane gwangwani da alamar inda aka ciro su. Ya kai lagireto Sabon Gari aka toshe hujojinsa. Ya bi bodin da samfefa taku-taku har yatsunsa suka saɓule. Ya buɗe kafireta ya tarar zanzaro ya yi gini a ciki. Kuma duk yinin da yake wannan aiki bakinsa ba ya shiru. Yakan yi wa Walter mita a kan yadda ya bar baƙin mai ya daskare. Yakan ba Hajo labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya rasu, ya tuna mata abubuwan da suka wuce su biyu. Daga madafi Sailuba takan jiyo ƙus-ƙus ɗinsa, amma da ta matso da abinci sai ya yi shiru.

Kwana ɗaya kafin jifan nan ya ciro kujerar baya. Ta ruɓe, auduga duk ta fito. A ƙarƙashinta ya tarar da abin da ya tsayar da shi: saɓar maciji an naɗe ta tsaf, fararen tsakuwoyi bakwai a jere, da wani tsohon ɗan kunne guda ɗaya. Ɓera ba ya jera kaya haka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a'uzu billahi, ya share su duka, ya haɗa da kujerar ya cinna musu wuta a bayan gida.

Tun daga wannan Talatar, kullum rana ta yi ja sai jifa ya fara. Ba ya wuce kiran magariba. Rana ta huɗu duwatsun suka ƙare, aka koma jifa da notocinsa, waɗanda ya rufe a gwangwani ya kulle a akwati. Da safe sai a tarar da su a jere a ƙofar ɗakin Sailuba, daga babba zuwa ƙarami. Ran nan kuma ana tsakiyar kiran salla hon ɗin motar ya yi kuka, dogo, siriri, alhali batirin yana ɗakin Malam Aƙilu a ƙarƙashin gado.

Maƙwabcinsa Bahago, maɗinki, ya tare shi a ƙofar masallaci. "Malam, don girman Allah ka kira 'yan gwangwan su kwashe abin nan. Iyalina sun daina fita tsakar gida da almuru."

"Amanar mamaci ce," in ji Aƙilu.

"To amanar mai rai fa? Ka duba fuskar 'yarka kwanan nan?"

Bai duba ba. Da ya koma gida ya duba, ya ga ta rame, idanunta sun faɗa, tana riƙe da tsintsiya amma ba shara take ba, rumfar motar take kallo. Ya buɗe baki zai tambaye ta, ya rasa ta inda zai fara, ya wuce.

Ranar Alhamis ta mako na biyu ya dawo daga sallar magariba ya tarar gidan babu hayaƙi, babu fitila. Tukunya tana kan murhu, wutar ta mutu. Ya kira sunanta sau biyu. Da ya zagaya rumfa sai ya ga ƙofar bayan motar a ɗage, Sailuba tana zaune a ciki a kan tsurar ƙarfe inda kujerar take a da, ta naɗe ƙafafu, kanta babu ɗankwali. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta ƙifta su.

"Sailuba, me kike yi a nan?"

Bakinta ya motsa. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya. "Malam, yau ba ka yi hira ba."

Ya dafa bodin motar yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Sai da matar Bahago da wasu mata biyu suka shigo aka iya fito da ita, don jikinta ya yi nauyi kamar an cika buhu da yashi. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta je makaranta ba. Da rana takan kwanta shiru tana kallon rufi. Da rana ta yi ja sai ta miƙe ta nufi rumfa, mata uku ba sa iya riƙe ta.

A rana ta huɗu Malam Aƙilu ya taka da ƙafa har Ƙofar Kuyambana, wajen Malam Ƙasimu, wani dattijo masani da mutanen birni suke kai wa irin wannan lalura. Ba mai yawan magana ba ne, kuma an san shi da ƙin duk abin da ya kauce wa Alƙur'ani. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya tak: "Da ka ƙone kayan, ka yi sallama? Ka ba da wa'adi?"

"Ban yi ba, Allah gafarta Malam."

"To. Mu je bayan la'asar."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ana hango rumfar daga nan. Matar Bahago ta zauna a bayan Sailuba ta lulluɓe ta da mayafi. Malam Ƙasimu ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya da ganyen magarya, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tabarmar. Kajin gidan suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Da ya kai Ayatul Kursiyyu karo na bakwai sai jikin Sailuba ya ɗauki rawa, ta sunkuyar da kai, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni," in ji muryar tsohuwar nan.

"Ke wace ce?" in ji Malam Ƙasimu.

"Sunana ya mutu tare da masu kiransa."

"Kin san Allah?"

"Na san Shi. Ina jin kiran salla tun kakanka bai zo duniya ba."

"To me ya kawo ki jikin baiwar Allah da ba ta yi miki komai ba?"

Muryar ta ci gaba, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi kamar mai hawan tudu. Ta ce a wani rimi suke da can, ita da danginta, a bayan gari. Aka zo aikin hanya aka sare rimin, kowa ya kama gabansa, masu ƙarfi suka yi nisa, ita tsufa ya hana ta bin su. Ta yi ta raɓe-raɓe a kogon dutse har ta sami motar nan, babu mai taɓa ta, ruwa ba ya shiga. Da aka janyo motar tana ciki, ta yi niyyar sauka a hanya.

"Me ya hana ki?"

"Shi." Hannun Sailuba ya ɗago ya nuna mahaifinta. "Ranar farko ya buɗe ƙofa ya ce, sannu da zama, kin daɗe ke kaɗai. Na san da motar yake. Amma na fi shekara arba'in ba wanda ya ce mini sannu. Sai na zauna. Kullum yana ba da labari, ni ina ji. Ban taɓa shi ba, ban taɓa 'yarsa ba. Sai ya ƙone mini shimfiɗa da 'yan kayana. Ɗan kunnen nan na 'yata ne."

Malam Aƙilu ya sunkuyar da kai.

"An zalunce ki a wannan, kuma cikin rashin sani ne," in ji Malam Ƙasimu. "Amma ita fa? Ita ta ƙone?"

"Na duba gidan duka, Malam, ina neman inda zan raɓa. Wuri biyu na samu da babu mai leƙawa. Motar, da yarinyar nan. Motar ma ta fi ta samun mai magana."

Matar Bahago ta kawar da kai. Malam Aƙilu ya ji kamar an ɗora masa injin nan a ƙirji. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

"Za ki fita," in ji Malam Ƙasimu.

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don wanin Allah. Kin sani."

"To a bar ni a motar. Na rantse ba zan sake jifa ba, ba zan sake kusantar yarinyar ba. Ya dai riƙa zuwa da yamma yana hirarsa. Ba sai ya ambace ni ba. Abin da nake roƙo ke nan."

Muryar ta karye a ƙarshen maganar, kuma hawaye suka gangaro a fuskar Sailuba, ba a san na wace ce a cikinsu ba. Malam Aƙilu ya ɗago kai, bakinsa ya buɗe. Malam Ƙasimu ya ga amsar da take shirin fitowa, ya ɗaga masa hannu.

"Kul, Aƙilu. Yau hira, gobe ba ka iya cin abinci sai da ita. Allah Ya raba mazauninmu da nasu don rahama ne gare mu duka." Ya juya ga tabarmar. "Wannan ma babu. Nemi wani abin."

Aka fara jin ladanin wata unguwa daga nesa.

"To wanda ya kawo ni ya mayar da ni. A abin da ya kawo ni. Ƙafafuna ba za su kai ba."

Malam Ƙasimu ya yi nazari, sannan ya gindaya sharuɗɗa. Za ta fita daga jikin Sailuba yanzu, ta rantse da Wanda Ya halicce ta ba za ta dawo ba. Za ta jira a cikin motar kwana bakwai, babu jifa, babu kuka. Ran na bakwai Aƙilu zai kai ta gindin dutsen da rana tsaka, ko da turi ne. Kuma daga yau har ya dawo, ba zai furta kalma ɗaya a kusa da motar ba, in ban da sunan Allah. Ta rantse sau uku, yana maimaita mata.

"Ki nuna mana alama in kin fita."

Sailuba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin matar Bahago. Can a rumfa, ƙofar bayan motar da take a ɗage tun ranar Alhamis ta sauko a hankali, ta rufe kanta, ƙyas.

Kwana bakwai ɗin nan su ne mafi tsawo a rayuwar Malam Aƙilu. Ya mayar da injin, ya ɗaura fanbel, ya sa sababbin filogi, duk a cikin shiru. Sau da yawa magana takan zo masa har leɓe, wani abin dariya da Walter ya taɓa yi, ko sunan Hajo, sai ya haɗiye. Yana jin ana sauraronsa daga baya, ana jira. Fenti bai samu yi ba, motar ta tsaya dabbare-dabbare, nan shuɗi, nan jan ƙarfe. A ɗaki kuwa Sailuba ta fara shan kunu, ta fara zama da kanta. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi, Baba," ya ɗan jima a tsaye, ya tafi.

Ran na shida da hantsi ya ɗaura batir, ya zuba fetur, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari ta mutu. Ya sake. A karo na biyar ta kama, ta yi girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan muryarta ta daidaita. Wata huɗu yana mafarkin wannan ƙarar. Ya zauna riƙe da sitiyari, babu wanda zai ce wa ka ji ta.

Washegari bayan azahar ya fito da ita ta lungu, madubi yana gogar katanga, mutane suna leƙe daga zaurukansu. Ya fita ta ƙofar gari ya kama hanyar Wusasa. Bayan motar a zaune yake, kamar ya ɗauko buhunan hatsi, alhali babu ko kujera. Bai duba madubin ciki ba ko sau ɗaya.

Gidan Walter a kulle yake, an rufe tagogi. Ya zagaya baya, inda har yanzu ake ganin shatin da motar ta bari a cikin ciyawa. Ya kashe injin, ya fito, ya ɗaga ƙofar baya, ya ja gefe ya tsaya.

An ɗan jima babu abin da ya faru. Sannan motar ta yi ƙara kaɗan, bayanta ya ɗago. Ciyawar da take gabansa ta fara rabewa biyu, babu iska, a hankali, irin tafiyar mai dogara sanda. Ta yi taku kamar goma wajen dutsen, sai ta tsaya.

Ya san abin da ake jira. Sauka lafiya kawai, ko ki yafe mini. Maganar ta cika masa baki har muƙamuƙinsa yana ciwo. Ya damƙe carbinsa, ya kafa ido a ƙasa, yana ambaton Allah a zuci. Bai san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Da ya ɗago, rabewar ciyawar ta yi nisa, tana hawa gefen dutsen, har ta ɓace a cikin duhuwar itatuwa.

Ya dawo gida da la'asar. Sailuba tana zaune a bakin ɗakinta a kan tabarma, ta yafa mayafi, ƙwaryar shinkafa a gabanta tana tsince tsakuwa. Ya wanke hannu ya zo zai wuce.

"Baba, ta tafi?"

"Ta tafi."

Ta ci gaba da tsintar, ba ta dube shi ba. "Lokacin da take jikina, duk abin da ta ji a bakinka ni ma na ji shi. Ta adana shi kaf. Ban taɓa sanin Inna tana tsoron jirgin ƙasa ba. Ban san ta taɓa bin ka tasha da abinci ta ɓata a hanya ba." Ta jefar da wata tsakuwa. "Amma labarin bai ƙare ba. Ka tsaya a inda ta zauna a bakin kasuwa tana kuka. Wa ya gano ta?"

Malam Aƙilu ya tsaya da buta a hannu. Ya ajiye ta. Ya janyo turmi ya kifa shi kusa da tabarmar, ya zauna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya share fuska da hannun riga. Sailuba ta ture ƙwaryar gefe, ta jira.

"Walter ne," ya ce daga ƙarshe. "A kan keke. Lokacin ko motar bai saya ba."